Abin da Wanzami Ya Sani

Ni ne Jatau, wanzamin Garun Gawo,
can ƙasar Daura, inda yashi ke cinye sawu.
Shekara goma sha tara ina aske kan Sarki Tunau,
na san kan nan fiye da rawaninsa.
Akwai tabo bayan kunnen hagu, kamar lauje,
jaki ne ya harbe shi yana yaro.
Fada ta ce tabon yaƙi ne,
ni ko aska ba ta koya mini tankawa.

Shekarar da sama ta juya mana baya,
gero ya kai gwiwa ya mutu a tsaye,
Tunau ya fita da dare, ba dogari, ba takalmi,
ya nufi busasshen tafki, wurin mutanen ɓoye.
Cinikin da aka yi, ba kunnen da ya ji.
Kafin asuba kowane indararo na zuba,
tsofaffi a tsakar gida suna rawa.

Da hantsi muka shiga zaure.
Buzu na nan, sanda na jingine,
Sarki babu.
Amma bisa buzun, ta hau har bango,
da rawani da kunnuwansa biyu,
zaune daram, ga inuwa.

Galadima ya ce a buga tambari.
Tambari ya ƙi, sai ka ce ana dukan buhun dusa;
dama ba ya buɗe baki sai mai gari ya cika.
Liman ya ce ba ya sallatar wanda bai mutu ba.
Nomau, babban ɗa, ya gaji da jira,
ya hau buzun wata Laraba.
Sanyi ya kama shi daga ƙugu har haƙori,
har yau da bargo yake yawo a tsakiyar bazara.
Cindo ƙanensa, mai yatsa shida,
ya tara bokaye, suka cinye raguna tara,
ya haƙura ya koma fataucin kanwa.

Haka aka kwashe damina bakwai.
Masu ƙara su durƙusa gaban bango su zayyana,
shirun ya yi musu nauyi, kunya ta kama su,
su fita su raba gonar da kansu,
ba tara, ba bulala, ba rantsuwa.

Bara na ci kasuwa a Mai'aduwa.
Na shimfiɗa tabarma, sai ga wani tsoho
mai sayar da igiyar rama,
ya zauna ya ce a rage masa suma.
Rana ta karkata.
Inuwata ta miƙe, ta ƙoƙon ruwana ta miƙe,
shi ko ƙasa fes a gefensa.
Na jiƙa kan, na ja aska.
Bayan kunnen hagu, ga lauje.
Hannuna ya ɗauki karkarwa.

Ya ce, "Jatau, kada ka yanke ni.
Ce mini suka yi, ruwa ko sarauta, zaɓi ɗaya.
Inuwar ba su nema ba,
ita ta ƙi biyo ni, ta fi ni son buzun.
Yaya take yi da mutane?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta karɓar gaisuwa."

Ya yi dariya har da tari.
"To ta fi ni. Ku bar ta."
Ya biya ni da igiya biyu,
ya shige cikin masu awaki,
ko waiwaye babu, bare maganar dawowa.

Na tattara sumar, fara fat, na ƙulle a zabira.
Na ji a bakin kakata
in gashin mai ita ya taɓa buzu
inuwa za ta tashi, tambari ya yi magana.
Duk Alhamis Nomau na zuwa aski cikin bargonsa,
yana tambaya ko na ji wani labari a yawona.
Sai in wasa aska a tafin hannu,
in ce, "Yarima, ɗan ƙara sunkuyawa."